Tururuwa a Ludayi

Shekarar da hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, ɗana na fari ya rasu yana jariri, a ƙauyenmu da ke gefen Garhanga. Zawo ne ya tafi da shi. Ba a jima ba yayata ta haihu, jini ya ɓalle mata, kafin a ɗauro amalanke ta cika. Ta bar ɗiya mace, 'yar mitsitsiya mai yawan gashi. To ga jaririya ba uwa, ga ni da nono ba ɗa, har yana jiƙa mini zane. Ko mahaukaci ya san abin da ya kamata a yi.

Amma a wurinmu, matar da ɗanta ya mutu a goye ba ta shayar da wani sai an gwada nononta. Maza duk sun tafi biɗa, wato ci-rani, magana tana hannun kakar yarinyar, uwar ubanta. Ta zo da ludayi ta sa na tatsa a ciki, ta kamo tururuwa a gindin rumbu ta jefa. In ta fito da ƙafarta, nono lafiya lau. In ta mutu, nonon mugu ne.

Ban taɓa yi wa wata halitta addu'a kamar tururuwar nan ba. Ta yi ta wutsil-wutsil har ta kai baki, ta kama, ta zame, don ludayin sabo ne mai santsi. Ta sake, ta zame. Daga nan ta daina motsi.

Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, kin gani da idonki. Shi ya kashe naki. Ba ni bari shi kashe wagga."

Na ce, "Haba Inna, tururuwa ko a randa ta faɗa ai mutuwa take yi."

Kada wani ya ce muguwa ce. Kuka take tana maganar, ta binne jikoki da yawa, tsoro ne ya cika ta. Amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Aka koma nonon akuya. Akuyar da tsumma take ci, me za ta bayar? Da ta ƙafe aka koma ruwan fura. Yarinya ta fara zubewa, muka ɗauke ta a kan jaki zuwa likita. Majo, babban mai ba da magani, ya buɗe mana kabad ɗinsa mu gani: auduga ce da kwalbar shuɗin maganin gyambo, shi ke nan. Ya dubi ƙirjina a jiƙe, ya ce, "Ke ba nono gare ki ba?" Kakar ta ba shi labarin tururuwa. Ya yi faɗa da Faransanci har ya gaji, ita kuwa ta ƙara ɗaure goyonta. Ƙarshe ya auno mana garin madarar taimako, ya ce a dama da tafasasshen ruwa. Rijiyarmu a lokacin laka muke kwasowa, itace kuma sai an wuni nema.

Zawo ya kama yarinyar, irin na ɗana sak. Maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa. Kakar ba ta sauke ta daga baya, ko kewaye za ta shiga, don ta san abin da zan yi in ta juya. Ni kuma ina bayan ɗaki ina tatse nono a ƙasa saboda ciwo.

Wata rana da hantsi sai ga tsohuwar a ƙofar ɗakina. Ta kwance goyo, ta ɗora mini yarinyar a cinya, ta ce, "Ba ta."

Na sa mata a baki. Nono ya zubo da kansa, ya cika bakin, ya gangaro ta kumatu ya shiga kunnenta. Na matsa, na lallaɓa, na roƙe ta. Ba ta da ƙarfin tsotsa. Kafin azahar aka kai ta kusa da uwarta.

Nonon nan dai shi na ba 'ya'yan da na haifa daga baya, duk sun girma. Kakar kuwa, har ta bar duniya, in ta shigo ta iske ina shayarwa, sai ta juya ta koma.