Man Gyaɗa a Kunnen Baba

Kunnen Baba na hagu ya mutu tun yana yaro, da na dama yake lallaɓa duniya. Bayan kakar masara sai na daman ma ya fara zubar da ruwa. Mun sha sayen maganin ɗigawa a kemis, a banza. Har ta kai ana yi masa sallama yana kallon bakin mutum. Na tsorata ƙwarai, don Baba da hira ba dama.

Da aka ce likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun zo Malumfashi suna duba mutane, na ce gobe sai can. Inna, mahaifiyarmu, a tsarinta ba a zuwa gaban likita da ƙazanta. Da sassafe ta ɗumama man gyaɗa a cokali, ta tsiyaya masa a kunne, ta goge tas da auduga. Ni ban sani ba, sai a mota na ji Baba yana ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Likitar ta fito da wani ɗan abu kamar gilashi, bai fi sim na waya girma ba. Ta ce a cikinsa akwai hanyoyin ruwa da suka fi gashi siranta. Ɗigo guda daga kunne zai bi su, a gane ƙwayar cutar, a san maganinta. Na kwarara wa Baba bayanin a kunne. Da yake tsohon manomin rani ne, ya kai abin dab da ido, ya ce ai wannan lambu ne, ga magudana ga fangali.

Aka sa ɗigon, ya shiga ya tsaya cak. Mai ya toshe hanya. Likitar ta tambayi wanda ya sa mai, Inna ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ai gyara miki shi na yi."

Likitar ta yi dariya har da hawaye, ta ce mu dawo mako mai zuwa, ba mai, ba auduga. Inna ta sha wahalar makon nan. Ranar komawa kuwa nesa da mu ta zauna a mota, kamar ba ta san mu ba. A wannan karon ɗigon ya bi hanyarsa, aka sauya magani.

A watannin kurumtar Baba, Inna ta saba yin mitarsa a gabansa hankali kwance. Wata la'asar bayan an sauya maganin, tana tankaɗen garin tuwo, tana cewa da tsohon nan ya bar ta da man gyaɗarta da tuni ya warke, amma shi sai na likita. Baba yana kishingiɗe a tabarma, ko juyowa bai yi ba.

"Hajiya, rage murya. Ina jin ki."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Na fita zaure ina dariya, sai a can na lura kuka nake yi.