Anicet, Mai Busa a Zaune

Anicet Wattiez ya mutu ranar Talata, kuma ni Léontine ko ɗigon hawaye ban zubar masa ba.

A garinmu na masu haƙar kwal, duk wanda ya mutu 'yan badujalar ma'aikata ne ke raka gawarsa da ƙafa, suna busa tun daga ƙofar gida har makabarta. Mahaƙi ba shi da wata karramawa da ta wuce wannan. Anicet shi ke busa babban ƙahon nan na Turawa da ake kira saksafon, shekara goma sha biyar yana jerawa da mijina Florimond mai ganga.

Sai tsiya ta shigo ta rediyo. Wasu mutum huɗu a Paris suka fara busa saksafon zalla, a zaune, cikin baƙaƙen kwat, manya na tafa musu. Anicet na jin su, shi ke nan, kai ya kumbura. Ya janye sauran masu saksafon uku, suka tare a ɗakin taro suna ta karkarwar sauti kamar akuya ta ji sanyi. Ba zan yi ƙarya ba, daga baya sun ƙware, har birnin Lille aka gayyace su. Amma ya rantse shi da busa yana tafiya har abada.

Da ƙurar ramin kwal ta gama cinye huhun Florimond ya mutu, da ƙafata na je na roƙi Anicet ya zo ya raka gawarsa da busa.

Ya ce, "Haba Léontine, kiɗan gaske a zaune ake yin sa. Ni ba dokin keken gawa ba ne."

"Ni kake gaya wa haka? Florimond fa, mutumin da ya goyo ka ya fito da kai ran da rami ya rufta?"

"To ku kawo shi ɗakin taro mana, mu busa masa."

Marar kunya! Haka muka kai mijina da gurguwar badujala, kowa na jin giɓin.

Shekara ashirin ke nan. Yanzu ɗana Clotaire ke shugabantar badujalar, kuma shi 'yar Anicet, Odile, ta zo ta roƙa. Ya ce za su zo.

Sun kuwa zo, su talatin, kowa da kujerarsa a hannu. Suka jera a ƙofar gidan, suka zauna, suka busa abin da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Keken gawa ya tashi, babu wanda ya motsa. Odile tana bin akwatin ubanta tana waiwaye, har suka sha kwana, daga ita sai ƙarar kofaton doki.

Ni ce a kujerar gaba. Kiɗan gaske muka yi masa.