Ranar da Aka Taya Malamin Ingilishi a Attantane

Ana sallame sallar asuba muka bar Tasawa, ni da ƙanen matata, a bayan wani kamyo, babbar motar kaya, da zai ɗebo gujiya a Mayahi. Ku da kuka dame ni a bakin ma'aunin gujiya da tambayar ina na shige kwanakin nan, to ga labarin, ku ji shi gaba ɗaya ku bar ni in huta.

Shi ƙanen matar tawa malamin makaranta ne a Katsina, Ingilishi yake koyarwa, kowa Malam yake ce masa har yayar tasa. Da damina wani mutum ya same shi can, ya ce yana da biro, wato ofis, a Maradi na samo wa masu ilimi aiki. Ya ce tunda Nijar ta samu mulkin kai, gwamnati neman masu koyar da Ingilishi take ido rufe, akwai gurbi a lakwal ɗin Mayahi, wato makarantar bokon garin, da gidan siminti da albashi duk ƙarshen wata. Malam ya ba shi la'adarsa, ya ajiye aikinsa na Katsina, ya bar matarsa da tsohon ciki a gidan iyayenta, a kan in ya zauna zai aika a ɗauko ta. Ni aka ce in raka shi don na san hanya, kuma ina ɗan taɓa Faransancin kasuwa. Ko ba a ce ba ma zan je, don ban taɓa ganin yadda ake ɗaukar mushe, wato malamin lakwal, aiki ba, kuma ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf.

Hanyar Mayahi a baki kawai take hanya. Rairayi ne zalla, direba yana bin sawun wanda ya riga shi, in sawun ya rabu biyu ya zaɓi wanda ransa ya ba shi. Ba mu yi nisa ba kamyon ya kafe, aka ce kowa ya sauko ya tura. Malam ya sauko da farin wandonsa da baƙin takalmi mai igiya, ya tura da gaskiyarsa, taya ta watso masa ƙasa har cikin aljihu. Wata tsohuwa mai kaji a kwando ta dube shi ta ce, wannan da gani ba a gona aka haife shi ba.

Amma bana ƙasar ta yi kyau, ba a magana. Dammunan gero jingine a kowace gona ana jiran a kai rumbu, harawa an ɗora ta bisa itatuwa don gudun awaki, mata sun zauna ƙungiya-ƙungiya a inuwa suna ɓarar gujiya, wadda su Malam ke ce wa gyaɗa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne duk ƙauyen da muka tsaya sai ka ga sabon abu: keke da ledarsa ba a ɓare ba, ko rufin kwano ɗaya tal tsakiyar bukkoki, ko rediyo a hannun mutum ya yi mata riga da ƙyallen atamfa. A wani ƙauye muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana, da dala guda ta cika mana ƙwarya har muka bar saura. Malam ya tsaya yana juya dalar zuwa sule da kwabo a kansa, kafin ya gama na shanye rabona na shiga nasa.

Da hantsi muka gangara Gulbin Kaba, ba ruwa ko ɗigo, sai goriba ko ta ina. Muka shiga Mayahi, mun dace da ranar kasuwa. Tabarmin kaba ga su nan tuli, jajayen awaki kamar an wanke su, da raƙuman Buzaye durƙushe can gefe. Na so in tsaya in ji yadda ake sayen gujiya a nan, amma Malam hankalinsa na lakwal, ya kakkaɓe wandonsa muka wuce.

Daraktan lakwal ɗin wani dogon mutum ne mai tabarau, ya karɓe mu da mutunci har ya sa aka kawo ruwa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce nan ƙaramar lakwal ce, yara da Faransanci ma kokawa suke, Ingilishi sai wanda ya kai kwaleji, kuma gwamnati daga Yamai take turo mushe, ba ta bi ta hannun dillali. Sannan ya dubi Malam ya ce, "Kai ne na uku." Na ga Malam ya dafa bango. Ni kuwa matarsa ce ta faɗo mini a rai.

Aka kwatanta mana masaukin mai biron a bayan kasuwa. Can muka tarar da wani dattijo mutumin Daura, gemunsa ya fara furfura, yana wanke rigarsa ɗaya tilo. Shi ma malamin Ingilishi ne, shi ma aikinsa ya ajiye, yana nan tun gero bai nuna ba. Ya ce su biyu ne da, ɗayan ya gaji ya sayar da agogonsa ya koma gida. Da la'asar sai ga mai biron da kansa, da babbar riga da goro a baki, ko kunya babu a idonsa. Ina ganin yadda yake riƙe hannun mutum ba ya saki na gane dillalin kara ne, dabbobi ya saba sayarwa kafin ya koma kan masu ilimi. Ya ce aiki kam yana nan, sai dai ba a Mayahi ba, a Attantane, wurin wani Alhaji mai sayen gujiya, kuma mutum ɗaya ake so. Na ce to don me ka kwaso uku? Ya yi dariya ya ce, "Haba, kai fa ɗan kasuwa ne. Ka taɓa kai wa mai saye akuya guda?"

Na so in shaƙe shi. Amma in faɗa muku gaskiya, wani gefen zuciyata so yake ya ga yadda mutumin da bai san ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba zai zaɓi malamin Ingilishi.

Washegari muka bi motar Alhajin da ta kawo buhuna, mu huɗu. Can ƙasar ta fi buɗewa, gonakin wake sun fi yawa, rijiyoyinsu kuwa zurfi gare su na ban tsoro, sa ne ke jan guga, yana tafiya har ka ce ya manta da rijiyar kafin ruwa ya fito. Gidan Alhaji ba ya ɓata, buhunan gujiya ne jibge a ƙofa sun fi katanga tsawo. Ɗaliban da ake magana kuwa ƴaƴansa ne, manya da gemu, kowa da iyalinsa. Alhaji ya ce ya gaji da tafinta. Duk kaka yana tura kaya Kano, sai Bature ya yi magana doguwa tafinta ya faɗa masa gajeriya. So yake ƴaƴansa su ji da kunnensu.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Da muka wanke hannu Alhaji ya ɗauko rediyo ya murɗa har ya kamo inda ake karanta labarai da Ingilishi. Ya sa aka fita da Malam waje, dattijon Daura ya saurara ya fassara. Sannan aka shigo da Malam, aka jira aka maimaita kanun labaran, shi ma ya fassara. Dattijon ya zuba Hausa mai daɗi, da kirari da komai, har na ce a raina mun faɗi. Malam kuwa a bushe ya kawo tasa, wani wuri ma ya ce iska ta ɗauke maganar, bai ji ba. Ashe Alhaji ya riga ya saurari labaran nan da Hausa tun da safe. Ya ce shi ba ya sayen buhu sai ya soka hannu tsakiya. Ya nuna Malam ya ce wannan ne ya faɗi abin da aka faɗa.

Daga nan aka shiga ciniki, kuma ciniki na sosai. Da yake ni ne zaune kusa da Malam kuma na girme shi, Alhaji ni ya fuskanta. Ya ce zai ba da ɗaki a cikin gida wanda mace za ta iya zama, da ci da sha, da gero, da tufafin Sallah, da ɗan abin hannu duk wata. Da rani a yi karatu, da kaka a bi motoci Kano. Dillali ya juyo gare ni ya ce, "To mai kaya, me ka ce?"

Na ce, "Albarka."

Ku duk kun san abin da nake nufi. Wa yake sallamawa a tayin farko? Ko tunkiya ce sai ka ce albarka, mai saye ya ƙara, ka sake cewa albarka, kafin a daidaita. Bakina ne ya yi aikin da ya saba. Har na shirya in nemar masa ɗaki na biyu da kuɗin motar ɗauko matarsa, ina kallon Alhaji ina jiran ƙari. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne a kara tunkiyar da ke gefe ba ta magana. Dattijon Daura ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ni na sallama a haka." Alhaji ya dube shi, ya dubi Malam, ya ce Ingilishin dattijon da ɗan ƙari a ciki, amma zai wadatar. Kafin in haɗiye yawu dillali ya haɗa hannuwansu, aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na ce Alhaji a tsaya mana, ai ba mu gama ba. Ya ce, "Bawan Allah, kai ka ce albarka, kuma an shafa."

Ban ji haushin dattijon ba, na ga rigarsa. Dillalin kuwa ya raka mu har mota yana ce wa Malam kada ya damu, akwai wani Alhaji wajen Dakoro. Batun la'ada ko tayar da shi bai bari an yi ba.

A hanyar dawowa kamyon da muka samu cike yake da buhuna, muka hau can bisa. Ga goriba, ga gonaki, duk abin da na yi ta kallo da zuwa, amma ban ga komai ba. Sai da muka hango hasumiyar masallacin Tasawa Malam ya buɗe baki. Ya ce, "Yaya, da ka yi shiru da na ce na yarda." Can kuma ya ce, "Ban sani ba ko gode maka zan yi." Kunya ta rufe ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Duk wanda aka ce an samar masa aiki a wata ƙasa, kada ya ajiye na hannunsa sai ya je ya ga mai lakwal ɗin ido da ido, ya kuma tambayi dillali mutum nawa ya yi wa alkawarin wurin. In kuwa ka raka mutum neman aiki, ka bar shi ya yi magana da bakinsa.

Yanzu Malam yana nan zaurena. Da rana yakan zo bakin ma'auni ya fassara wa mutane labaran rediyo kyauta, kun dai gan shi. Jiya direban da ke zuwa Katsina ya tsaya ƙofar gida, ya ce matar Malam ta ce a gaya masa ta gama ɗaure kaya, har gadonta an kwance, wace rana mota za ta zo? Direba ya tsaya yana jira, injin na aiki. Malam ya juyo ya dube ni, tunda ni na saba amsa masa. Wannan karon bakina bai buɗu ba.