Kurajen Zahara'u Ba Agana Ba Ne

A Jabo, in aka ce Goggo Tambaya, abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: sabulu da zanzana. Sabulun ita ke dafa shi, da ruwan tokar karan gero da man gyaɗa, a wata tsohuwar tukunya da ta girmi 'ya'yanta. Zanzanar kuwa agana ce ta bar mata tun tana 'yar shekara tara a Fakku, garinsu, shekarar da ciwon ya shiga gidansu ya kwantar da yara biyar, biyu suka tashi. Aure ya kawo ta Jabo. Da mijin ya rasu ba ta koma gida ba, ta zauna da tukunyarta.

Mace ce marar yawan magana, sai yawan kallo. Mutum na gaishe ta, ita tana duban goshinsa da kumatunsa. Shi ya sa 'yan mata da samari, da zarar kuraje sun feso musu, sai su zo sayen sabulu ko da akwai saura a gida. Takan ba su sabulun, ta ɗora da 'yar shawara. Wasu su bi, wasu su mance tun kafin su bar zaure.

A shekarun da ake ɗiban samari zuwa yaƙin Bama, agana ta ɓulla a ƙauyukan yamma da Dogon Daji. Hukuma ta sa aka yi bukkoki a bayan fadama, aka ce duk wanda aka gani da kuraje masu mugunya a kai shi can. Goggo Tambaya ta san irin bukkokin nan. Wanda ya shiga da ciwon yakan fito ko ya tafi. Wanda kuwa aka kai bisa kuskure, a can zai ɗauka.

Cikin wannan hali ne, wata safiya tana tace ruwan toka, Zahara'u ta yi sallama. Matar Bube ce, wani mai shanu da ke noma a bakin gari. Ita ke kawo fura da nono kasuwa, da jaririnta a baya. Ranar ta shigo ta naɗe fuska da mayafi, ido kawai ake gani.

"Goggo, kasuwa biyu ke nan ba wanda yat taɓa ƙwaryata. An ce agana gare ni. Har an kai maganata ga mai gari, gobe duba-gari na tahe daga Tambuwal."

"Buɗe in gani."

Ta buɗe. Goshi da haɓa da gefen kumatu duk kuraje ne. Wasu sun nuna sun yi farin kai, wasu jajaye, wasu sun bushe sun bar tabo. Fuskar na ƙyalli da maiƙo. Goggo ta matso da ita bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Ta kama hannuwanta ta juya, ta duba tafi da baya. Ta sa ta zauna ta duba tafin ƙafarta.

"Kin yi zazzaɓi?"

"A'a."

"Ciwon baya, irin wanda mutum ba shi iya miƙewa?"

"Sai dai na daka."

"To mi kinka shafa haka, kamar za a soya ki?"

"Man shanu. Uwar mijina ta ce shi ka kwantar da fata."

"Da mi kika fasa su?"

Zahara'u ta sunkuyar da kai. "Ƙayar aduwa."

Goggo ta yi 'yar dariya, ta jawo turmi ta zauna. A gidan masu shanu, man shanu maganin kome ne: faso, kaushi, kan jariri, har ƙuna. Ba ta ga laifin tsohuwar ba.

"Ɗiyata, fatar mutum ƙofofi gare ta, ƙanana ƙwarai, ta nan mai ka fita. In ƙofa ta toshe da dauɗa da maiƙo, man shi taru ciki, shi lalace. Jiki ba shi yarda da ɓataccen abu, sai shi taso mishi da faɗa. Shi as sa wurin ka ja, shina zafi. Mugunyar da kika gani, abin da faɗan yab bari ne. Ke kuwa ƙofa ta toshe kin ƙara mata mai, kin kawo ƙaya kin tura dauɗar ciki, kin rufe da mayafi zufa na dafa ta."

"To, ba agana ba ce?"

"Dube ni da kyau. Wagga ita ce agana."

Ta yanko mata sabulu kamar kan yatsa. Ta ce safe da yamma kawai, a murza shi a tafin hannu har ya yi kumfa, a shafa a hankali, ban da soso, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi. Man shanu a bar wa ƙafa. Mayafi a wanke shi, a shanya a rana, a daina naɗe fuska. Hannu kuwa, in ya yi ƙaiƙayin matsa, a ba shi tsinkar gero.

"Gobe kuma?" in ji Zahara'u, tana gyara goyonta.

"Gobe ki taho nan. Ba za su warke kwana guda ba, amma ki taho."

Washegari da hantsi duba-gari ya iso a kan keke. Sunansa Malam Namadi, saurayi ne siriri, da kakinsa da littafi a aljihu. Mai gari ya sa aka rako shi zauren Goggo, mutane suka taru daga nesa suna leƙe. Bube na tsaye da sandarsa. Namadi ya tsaya taku uku daga Zahara'u, ya dubi fuskarta, ya ga fararen kawunan kurajen, ya ciro littafinsa.

"Goggo, doka ce. Kuraje masu mugunya, bukka."

"Malam, ka taɓa ganin agana?"

"An koya muna a Sakkwato."

"Ni a jikina anka koya min. Kwana uku nike zazzaɓi ban san wa ke kaina ba, kahin ƙurji guda shi fito. Da sunka fito, tare sunka fito, tare sunka nuna, kamar gero na gona guda. Har tafin hannu, har tafin ƙafa." Ta miƙa masa nata tafin, ga ramukan nan. "To dubi nata. Wanga na jiya ne, wanga ya yi wata, wanga ya bushe tun kaka. Mai agana na daka hura ta kai kasuwa da goyo?"

Namadi ya mayar da littafin aljihu, ya matso. Ya ce Zahara'u ta buɗe hannu, ta buɗe. Ya duba ƙafa. Ya taɓa goshinta da bayan hannunsa. Ya tambayi Bube ko ta kwanta ciwo cikin watan nan.

"Wagga? Ko ni ba ta bari in kwanta," in ji Bube. Masu leƙe suka yi dariya.

Namadi ya ce zai yi mata lambar rigakafin agana a dantse, ita da jaririn, ta zauna gida kwana bakwai, zai dawo. In zazzaɓi ya zo, ko kuraje suka fito a hannu, to ba sauran magana. Yana haɗa kayan lambar yana cewa a Sakkwato an nuna musu mugunya a madubin likita, wai akwai waɗansu fararen ƙwayoyi a cikin jini masu faɗa da cuta, gawarwakinsu ne ke taruwa su zama mugunya.

"Ashe sai da madubi kunka gani," in ji Goggo, ta koma wajen tokarta.

Kwana bakwai Goggo tana zuwa gidan Bube kowace yamma, wai ta zo karɓar madara. Ta taɓa goshin Zahara'u, ta juya hannunta, ta tafi. Ran na huɗu ta tarar da sabon tabo a haɓa.

"Wa yam matsa wanga?"

"Ni ce, amma shi kaɗai, Goggo. Ya cika kallona."

"To ki bar shi shi yi ta kallo."

Ran na bakwai Namadi ya dawo. Kurajen na nan, ba su tafi ba, amma jan ya ragu, maiƙon ya kau, hannu da ƙafa sumul. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce ta koma kasuwa.

Ta koma, fuska a buɗe, ta aje ƙwaryarta a gindin tsamiyar da ta saba. Mutane na wucewa suna satar kallo. Goggo ta bar faifan sabulunta ta zo ta tsuguna, ta ce a dama mata. Tana sha, wani mahauci ya ɗaga murya daga rumfarsa.

"Goggo, ke ai ba shaida ba ce! Agana ta gama da ke tun zamanin da!"

Goggo ta ci gaba da shan furarta, don gaskiya ya faɗa: agana ba ta kama mutum sau biyu. Sai ga Namadi ya jingine kekensa a jikin tsamiyar. Ya zauna a kan saiwa, ya karɓi ludayi, ya sha furar nan har ya kankare ƙwarya, ya ce a ƙara nono. Kafin azahar an saye furar kaf, Zahara'u ta kife ƙwaryarta.

Kurajen ba su rabu da ita ba sai bayan ta yaye yaro na biyu. Sukan tafi su dawo, musamman da bazara, amma ba su ƙara yin irin na wancan karon ba. Goggo Tambaya ta rayu har ta ga jikokin Zahara'u. Da ƙarfinta ya ƙare, Zahara'u ce ke zuwa ta juya mata tukunya, kuma a wajenta tukunyar ta zauna daga baya. In yarinya ta zo sayen sabulu da kuraje a goshi, takan jawo ta bakin ƙofa wajen haske, ta fara da cewa, "Mi kinka shafa?"