Malam Bahago da Lungunan da Ke Ɓacewa

A Kusfa, cikin Birnin Zazzau, in ka tambayi gidan Malam Abubakar mai agogo sai an tsaya tunani, amma da ka ce Malam Bahago kowa zai nuna maka. Da hagu yake riƙe sukudireba, da hagu yake rubutu. Tun yana ƙarami ba ya iya ganin abu na aiki bai leƙa cikinsa ba. Ya daɗe yana gyaran agogo da rediyo a wani ɗan shago a bakin kasuwa, har wayar hannu ta zo ta cinye sana'o'in biyu gaba ɗaya. Ya rufe shagon, ya koma zaman zaure.

Munira, 'yar ƙanwarsa da ke koyarwa a unguwar Kongo, nan Zariya, ita ta samo masa abin yi. Wata rana ta zo gaishe shi, ta nuna masa wata taswira a intanet wadda kowa ke iya shiga ya zana tituna da gine-gine, abin da ka zana kuma duk duniya ta gani. Ya duba birni, ya ga manyan tituna, amma Kusfa fili ce fetal.

"To mu a ina muke zaune?" ya tambaya.

"Sai wanda ya zana ku, Kawu," in ji ta.

Ta sa masa manhajar a waya, ta koya masa. Ya fara da lungun bayan masallacin unguwarsu, ya bi kowace kwana a tsanake, ya adana. Washegari ya buɗe, babu lungun. Ya sake zanawa, ya sake ɓacewa. Da farko ya zargi wani Suhail da yake ganin sunansa cikin masu zanen birni, har ya sa Munira ta tambaye shi. Bawan Allah ya rantse bai taɓa taka Kusfa ba, ko a ƙasa ko a taswira.

Abin bai ɓata wa Malam Bahago rai ba, daɗi ma ya yi masa. Ya shiga gwaji. Ya zana lungun marina, ya tsaya. Ya zana na gidan masu kitso, ya ɓace. Sai ya riƙa fita da safe yana buɗe hannuwa a bakin kowane lungu, mutane na gaishe shi suna mamaki. A haka ya lura cewa duk lungun da yake iya dafa katangunsa biyu a lokaci guda, shi ne taswirar ke haɗiyewa.

Munira ta rubuta wa masu kula da manhajar da Turanci, ta haɗa da hotuna. Amsarsu ta zo, ta karanta masa. Ashe da gangan aka sa manhajar ta riƙa haɗe layukan da suka matsu da juna, don kada taswira ta yi wa ƙananan wayoyi nauyi. Ba su taɓa zaton akwai hanyar da ta kai haka ƙunci ba, shi ya sa take ɗaukar katangu biyu a matsayin ɗaya. Suka yi godiya, suka ce za su cire wannan tsarin a gwada.

Lungunan suka dawo. Malam Bahago ya duƙufa, wasu masu zanen suka biyo baya, har birni ya cika da layuka kamar saƙar gizo. Nan wata matsalar ta ɓullo. Da ya buɗe taswirar sai wayarsa ta yi zafi, ta daskare, ya ja hoton da yatsa ya ƙi motsi. Suhail ma ya aiko da ƙorafi, tasa wayar kashe kanta take yi.

"Kawu, sun ce a zaɓa," Munira ta gaya masa. "Ko ta yi sauri babu lungu, ko da lungu ta yi ta jan ƙafa."

Ya jujjuya wayar a hannunsa. "Wanda yake kallon Zariya daga nesa, me zai yi da lungun masu kitso? Tambaye su ko za a iya ɓoye su sai mutum ya matso."

Suka amsa cewa su ma shawarar da suke kai ke nan, sai dai aikin na da yawa, su kuma 'yan sa kai ne. Aka ɗauki watanni. Shi dai bai zauna ba. Ya koma kan zanensa yana rage masa nauyi ta hanyar cire ɗige-ɗigen da ba su da amfani a jikin layukan, don ya gane cewa katanga miƙaƙƙiya ba ta buƙatar ɗigo a kowane taku.

Da sabuwar manhajar ta fito, wayarsa ta daina zafi, lungunan kuma na bayyana da zarar ka matso. Amma sunayensu sun goce. Sunan lungun marina ya hau rufin gidan maƙwabcinsa, na masallaci ya faɗa cikin kwata. Munira ta dafe kai, ta ce bari ta rubuta musu yanzu.

"Dakata tukuna," in ji shi, yana gyara tabarau. "Duk gabas suka goce. Bari in ga ko a Kongo ma haka suka yi."