Taliyar da Nerina Ta Murza wa Livia

Kafin motocin kwasar lemo su fara wucewa ta titinmu a garin Griffith, Nerina Favaro ta riga ta dawo daga lambunta da bokiti cike da lemo da karas. Ta wanke, ta matse, ta tace sau biyu, domin akwai mutum uku a unguwar nan da maƙogwaronsu ba ya karɓar komai sai ruwa. Sannan ta kunna tanderu. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ba asibiti ne ya ɗauke ta ba, ba coci ce ta naɗa ta ba. Da likita ya hana wani cin abin da ya saba, sai ka ji an ce, "A gaya wa Nerina." Ita kuwa sai ta shiga kicin ta yi ta gwaji, har ta samo abin da zai shiga cikin mutumin ya zauna. Wannan watan za ta ajiye aikin, yatsunta sun daina lanƙwasuwa.

Ba kowane gwaji ke yin kyau ba, kuma mijinta Orfeo ne ke cin na fari. Har gobe yana rantsuwa a burodinta marar yis ya bar haƙorinsa na gaba. "Kajinmu ma sun leƙa sun koma," in ji shi. Mun yi dariya da yawa a ƙofar gidan nan, amma akwai watannin da ba wanda ya yi, kuma su ne suka nuna mana wace ce Nerina.

Jikarta Livia tana shekara shida likita ya gano alkama ce ke cin hanjinta, ko ƙurar fulawa ba a yarda ta shiga bakinta ba. To a gidan Favaro Lahadi ba ta cika sai an murza taliya, mutum goma sha huɗu a tebur ɗaya. Yarinya ta zauna tana kallon farantin na kusa da ita. Wannan kallon ne ya hana Nerina sukuni.

Ta gwada garin shinkafa, ya tsittsinke a hannu. Ta gwada na masara, ya shiga tukunya ya koma kunu. Ta ƙara garin dankali, ta rage ruwa, ta ƙara ƙwai, sai bayan wata biyu ta ɗaga zaren taliya bai karye ba. Ta kawo sabuwar tukunya, sabon mataci, sabon injin murji, duk na Livia ita kaɗai. Yarinya ta ci ta siɗe yatsa. Kashegari tana kwance tana murƙususu.

Lahadi ta biyu haka, ta uku ma haka. Ran Laraba Kirrily, matar ɗanta, uwar Livia, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga.

"Nonna," in ji ta, yadda duk gidan ke kiran tsohuwar, "likita ya ce har yanzu alkama na shiga cikinta. A gida na kwashe komai. Makaranta da abincinta take zuwa. Nan kawai ya rage."

"Ni? Ni zan ba jikata abin da zai cuce ta? Shekara nawa ina ciyar da marasa lafiyar garin nan?"

"Ban ce da gangan ba. Amma kin ga yadda ta rame, wuyanta kamar a hura ta faɗi. Daga yau ko ruwan gidan nan ba za ta ƙara sha ba. Ki yi haƙuri."

Nerina ta ji zafin maganar nan har cikin ƙashinta, amma tsoro ya fi zafin. Ta zazzage kicin, ta karanta bayan kowace leda da gilashin ido biyu, ba ta ga alkama ba. Ran Alhamis ta tsaya gaban katakon da take kwaɓi a kai, ta ɗauki wuƙa tana kankare shi kamar kullum. Katakon mahaifiyarta ne, da shi uwar ta sauko daga jirgin ruwa lokacin da suka baro Treviso, garinsu na asali. Mu duka mun san ƙa'idarsa: ruwa ba ya taɓa katakon taliya, kankarewa ake yi a jingine shi. Ba wanda ke lissafa shi cikin kayan girki, kamar bangon ɗaki ake ganinsa. Bakin wuƙar ya faɗa wata tsaga, ya fito da wani abu fari a daskare. Fulawar shekara saba'in ce, kuma a kanta ta murza taliyar Livia sau uku.

Orfeo ya same ta zaune, wuƙar a hannunta. Ya duba, ya gane.

"Ki kai shi rumfar kaya ki yi shiru," in ji shi a hankali. "Wa zai sani?"

"Kirrily na can tana zargin kanta, tsoho. Ɗauko makullin mota."

A bakin shingen gidan Kirrily, Nerina ta jingine katakon, ba ta yarda ya ƙetare ba. Ta nuna tsagar da yatsa. "Ni ce. Ba makaranta ba, ba ke ba. Ki ba ni Lahadi ɗaya."

Kirrily ta dubi farin abin nan. "Ɗaya, Nonna."

Ke ce, Nerina, kika koma gida kika fitar da kowace ƙwayar fulawa, har wadda kike yin burodin da garin nan ya san ki da shi. Ke ce kika wanke kicin daga rufi zuwa ƙasa da yatsun da suka fara ƙin lanƙwasuwa, kika murza sabon kwaɓi a kan teburin ƙarfe mai sanyi, kina kuka, domin mun ji ki ta taga. Uwar marasa ci, wadda ba ta ɓoye laifinta don a ci gaba da yabonta!

Lahadin nan kowa taliyar Livia ya ci. Kirrily ta zo da kwanon shinkafa a jaka, ta ajiye shi kan cinyarta ko da za ta fasa. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Orfeo ya jefa barkwanci, ba wanda ya cafe. Livia ta miƙa faranti a ƙara mata, Nerina ta dubi uwar, uwar ta gyaɗa kai.

Litinin ta wuce waya ba ta yi ƙara ba, Nerina kuma ta kasa kira. Ta ƙona burodin garin shinkafa biyu a ranar. Talata da hantsi Kirrily ta kira.

"Tana makaranta, Nonna. Lafiyarta lau. Ta ce in tambaye ki ko akwai saura."

Mun gode, Nerina, a madadin duk wanda ya taɓa sha daga kwalbarki ko ya ci daga tukunyarki. Allah ya ba yatsun nan hutu. Masu tasowa, ku koyi girkinta in kun iya, amma ku fara da koyon tafiyar da ta yi zuwa shingen Kirrily. Shekara uku ke nan Livia ba ta fasa Lahadi ko ɗaya ba, uwarta kuma hannu biyu take shigowa, ba jaka ba kwano.