Filash ɗin da ya cika da muryar Baba

Shekarun baya, lokacin da nake aiki a Bodinga, mahaifina yana gida a Shagari. Bai iya rubutu a waya ba, sai saƙon murya, kuma ba ya tsawaitawa. "Ka isa lahiya?" "An dasa albasa." "Ka yi salla?" Da ya rasu, irin waɗannan suka rage mini, ɗaruruwa, a memorin wayata. Sai memorin ya fara ciwo: yau ya buɗe, gobe ya ƙi.

Ni mutum ne mai bin tsari. Da farko na sayi sabon filash. Bayan haka na tafi gida, na ari kwamfuta, na zauna a rumfar mahaifiyata bayan la'asar don in yi masa fomatin, wato in shirya shi kafin in zuba saƙonnin. Wani layi a kwamfutar ya tambaye ni girman gurbin ajiya, ga lambobi a jere. Na zaɓi mafi girma. A tunanina, Baba ya cancanci babba.

Na fara kwafa. Ban kai rabi ba kwamfuta ta ce filash ya cika. Na duba nauyin saƙonnin da suka shiga, duka ba su kai bidiyon biki ɗaya ba. Na leƙa ko'ina cikin filash ɗin, babu wani abu sai su. Amma wuri ya ƙare. Na taɓa ɗaya, muryar ta fito: "Ka isa lahiya?"

Mahaifiyata ta ajiye faifan da ke hannunta. "Mi ac ciki bayan shi?"

"Ba kowa, Inna."

"To wa ya cike wurin?"

Memorin kuma ya ɗauke a gabana.

Washegari na kai wa abokina mai gyaran waya a Bodinga memorin da filash ɗin, na ce masa kamar akwai aljani a ciki. Ya yi ta lallaɓa memorin har ya buɗe, ya fara kwashe komai zuwa kwamfutarsa, sannan ya dube ni.

"Malam, aljaninka kai ne. Filash ɗakuna ne. Kai ka yanka su manya, kuma doka ita ce saƙo biyu ba su kwana ɗaki guda. Kowace 'ka yi salla' ka ba ta rumbu sukutum. Manyan ɗakuna na manyan bidiyo ne."

Ya ɗauko wani filash, ya bar lambar yadda kwamfuta ta zaɓa, saƙonnin duka suka shige, wuri ya rage fal.

Na koma na yi wa Inna bayani daki-daki. Ta saurara har ƙarshe.

"Kowace magana tana ɗaki ita kaɗai, sauran wurin wayam?"

"Haka ne."

"Kak ka goge na farin. Babanka ma haka shike yanzu."

Ban goge ba. Tun daga ranar ba na taɓa lambar da ban gane ba. Amma har yau, in na saurari Baba a filash na farko, muryar ta ƙare, ba na saurin rufewa. Nakan ɗan jira, ina sauraron sauran ɗakin.